Jitar da Na Bar wa Ƙanina

Ba mu iso Kano da jitata ba. A wani shingen bincike, bayan mun ƙetare iyaka da kaɗan, aka fasa ta ina tsaye hannuwana a sama.

Shekarar da bama-bamai suka tashi a Kano ce, lokacin da in ka hango buhunan yashi a kan titi sai ka fara jero duk addu'ar da ka iya. Ni da ƙanina Laminu muka taso daga Damagaram. Kowa ya ce mu haƙura sai gari ya lafa, na ƙi. Aka sauke mu daga mota aka ce kowa ya tsaya kusa da kayansa. Wani mai kaki, dogo, fuskarsa duk gumi, ya ɗaga jitar ya girgiza. Sai wani abu ya yi ƙwal-ƙwal a cikinta.

"Mene ne a ciki?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ban sani ba."

Kuma da gaske ban sani ba. Ya zura hannu ta ramin, tsirkiyoyi suka tare shi. Bai tsaya wata-wata ba, ya kwantar da ita a kwalta ya sa mata gindin bindiga. Me ya faɗo? Laya! 'Yar laya ta jar fata da Inna ta jefa ciki ba ta gaya wa kowa ba, wai don Allah ya tsare hanya, ya buɗe wa ɗanta kasuwa. Mutumin ya ɗauka ya jujjuya, ya yi dariya, ya miƙo min ita da hannu biyu ya ce in gaida tsohuwa. Laminu ne ya durƙusa yana tsince gutsattsarin katako.

Don ku gane zafin abin, ni ne mai jita a gidanmu, kai, a duk unguwarmu ta Birni. In an ce Mutari a fada, wato inda samari ke zaman shayi, ba a tambayar wane Mutarin. Laminu shi ke bi na. Aikinsa ɗaukar min jita da hura gawayi. Riƙo uku kacal na koya masa, shi ma don ya riƙa raka ni in an sami aron jita ta biyu. Da ya nace zai biyo ni Kano, cewa na yi to, ai ana buƙatar mai ɗaukar jaka.

A tashar Kano wani mai farar shadda ya ji harshenmu ya taho da fara'a. Ya ce ya san duk masu situdiyon garin nan, mahaifiyarsa ma 'yar Magarya ce. Ya karɓi buhun tsarabarmu, cuku da dabino, ya ce baƙo ba ya ɗaukar kaya a gabansa. Ya kai mu wani masallaci ya ce mu fara gaida Ubangiji, shi zai tsare kaya. Muka sallame, muka shafa, muka fito, ba shi ba buhu. Haka muka shiga unguwar Sheshe hannu rabbana, muna tambayar gidan Malam Sadi tela, abokin marigayi babanmu.

Malam Sadi bai ko tambayi tsaraba ba. Ya ba mu shagon da ke jikin zaure, katangarsa ɗaya da masallacin unguwa, ya ɗora mu a kan ɗinkin maɓalli da guga. Amma tun daren farko, da ya ji kiɗa ne ya kawo ni, ya ajiye cokali.

"Mutari, ubanka ɗan'uwana ne, gidan nan gidanku ne. Sai dai tun zamanin kakana ba a taɓa kiɗa a cikinsa ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Me zan ce? Ko jitar ma ba ni da ita.

Da ƙyar na gano wani situdiyo a titin Gidan Zoo. Mai shi, Oga Tijjani, gajere ne mai saurin magana. Ya ce fiyano ya ishi mutane, yana neman jita irin tamu ta Nijar, wadda ake kaɗawa da yatsa.

"Amma ka ga yadda gari yake, ba biki, ba fita. Ka dawo bayan ƙaramar salla in ji hannunka. Mutum ɗaya nake so, ɗaya tal. Ina jitar taka?"

"Tana wajen gyara," na ce masa.

Na fito ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A ranar na kira Inna a wayar maƙwabta na gaya mata. Kafin magariba duk Birni sun ji cewa za a sa Mutari a rediyo.

Neman jita ya kai mu Sabon Gari, wajen wani dattijon Inyamuri mai gyaran kayan kiɗa, Oga Fidelis. Mun same shi yana haɗa kaya. Iyalinsa sun riga sun yi gaba, ya ce tun da aka fara kai hari coci matarsa ba ta ƙara barci ba. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, amma ga shi zai koma wani gari da bai sani ba. Ba shi da masu loda masa mota, sai muka tuɓe riguna muka kama. Da muka gama ya shiga shago ya fito da jita biyu.

"Yarana, ba ni da abin sallamarku sai waɗannan. Kowa ɗaya."

Ɗaya ja ce, jajawur, mai ƙaton ciki da tsirkiyar ƙarfe, tana sheƙi har kana ganin fuskarka. Ya ɗan shafa ta, shagon ya ɗauka gaba ɗaya. Ɗayar kuwa ba ta ma da ciki. Wani siririn katako ne kamar allon karatu da aka liƙa wa wuya. Ya shafa ta, sai da na sunkuya na ji.

Ya dube ni ya ce, "Kai ne makaɗin, ko? A cikin gari kuka sauka, gidan malamai? To saurara. Ba a zaɓen jita don kyau, inda za ta kwana ake dubawa. Wannan ƙaramar wani Bature mai aikin hanya ya bar min ita. Tsirkiyarta roba ce, ba ta da ciki, wanda ke bayan ƙofa ba zai ji ka ba. Ka kwance notin nan wuya ya fita, ka jefa a jakar kaya, soja ya buɗe ya ga katako. Duba wuyan, miƙe yake sambal, kuma tsawonsa ɗaya da na babba, hannunka ba zai ruɗe ba. Ita ce taka."

Na ji shi. Wallahi na ji shi, har hannuna ya fara tafiya wajen ƙaramar. Sai na waiga na ga Laminu tsugune gaban jar, yana goge ta da hannun rigarsa, baki a buɗe. Nan take na hango ranar komawa: mota ta tsaya a tashar Damagaram, Laminu ya sauko da jar jita a bayansa yara na bin sa, ni Mutari na biyo baya da allo a hamata.

A gidanmu ko tsire aka buɗe, babba ke fara sa hannu. Laminu ya san haka, ya miƙe ya ja da baya.

"Yaya, ɗauki."

Na ɗauki jar. Har yau in an tambaye ni cewa nake haƙƙina na ɗauka, ba na wani ba. Oga Fidelis ya girgiza kai ya ce, "Ku da girman nan naku." Ya nuna wa Laminu yadda ake kwance notin. Laminu ya karɓa yana murmushin yaƙe, kuma murmushin ya yi min daɗi.

Daɗin bai kai mu gida ba. A hanya sai da aka sauke mu a kowane shinge saboda jar. Buɗe, girgiza, haska tocila a ciki, ɗaga hannu, juya baya. Jakar Laminu kuwa da an leƙa sai a ce wuce. Muka shiga Sheshe yara na nuna ni, mata na leƙowa ta zaure. Na lallaɓa da ita shago na rufe ƙofa. Da hantsi, da na ga Malam ya shiga cikin gida, na ce bari in ɗan saita ta kawai. Tsirkiya ɗaya na taɓa. Ɗaya! Sai na ji karatun da ake yi a masallaci ya tsaya cak.

Malam Sadi bai yi faɗa ba, ina ma ya yi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo hannu. Na ba shi. Ya kai ta ɗakin yayarsa, Gwaggo Asabe, aka tura ta ƙarƙashin gado tare da kwallaye. Ya ce in zan fita da ita bayan ganuwa in je in karɓa, amma ba za ta kwana a zaurensa ba. Ta Laminu tana cikin jaka a ƙarƙashin matashinsa, ba wanda ya san jita ce.

Na gwada. Kar a ce ban gwada ba. Ranar Juma'a in an tashi daga aiki sai in goya ta in nufi Ƙofar Nassarawa, wai in sami wani fili a waje. A shingen wajen ƙofar suka gane ni, suka sa min suna Mai Gawa, don jakarta baƙa ce doguwa. Wata rana suka ce in fito da ita in yi musu kiɗa. Na tsaya cikin rana ina kaɗawa, masu tura babura da masu tafiya hannu a sama suna wucewa suna harara ta, kamar ni na ajiye buhunan yashin. Wata ranar kuma aka ji ƙara daga wani wuri, kowa ya zube a ƙasa, na kwanta a kanta ina salati. Ga dokar hana fita, kafin ka sami inuwa ka zauna lokacin komawa ya yi. Na cusa mata ƙyallayen ɗinki a ciki ko za ta yi shiru, sai ta koma kamar ana dukan katifa. A ƙarshe na daina zuwa karɓarta.

Shi kuwa gogan naku Laminu! Da an tada kekunan ɗinki sai ya shige shago ya tura ƙofa. In an hana fita, mu duka muna kwance muna sauraren rediyo muna lissafin inda ƙarar ta fito, shi yana kusurwa, kunnensa manne da katako, yatsunsa na tafiya. Wani lokacin ko haɗa ta ba ya yi. Wuyan kawai zai zaro, ya ɗora a cinya ƙarƙashin riga, yana danne-danne muna hira. A layin shinge hannunsa na cikin jaka. A gaban Malam ma, yana amsa tambayar maɓalli, hannun hagunsa na can yana aikinsa. Ni ina zaune kusa da shi, abin da nake ji bai wuce kukan sauro ba. Amma ina ganin yatsun. Ina ganin suna zuwa wuraren da ban taɓa nuna masa ba, kuma abin yana ci na.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa, Yaya. Ina tuna yadda kake yi ne a fada, sai in nema."

Ƙarya! Ban taɓa yin haka a fada ba. Ban iya ba.

Ya sha miƙo min ita. "Yaya, karɓi ka ɗan motsa hannu, salla na matsowa." Sai in ce ya rufa min asiri, ni zan riƙe abin wasan yara? Na kan juya masa baya in kalli bango. Yatsuna na ƙaiƙayi, amma in karɓi aro daga hannun wanda na koya wa riƙon jita, gara in ci barkono. Da ya bar ta ya fita ma da na ɗauka a ɓoye, to ko bayi zai shiga jakar na kafaɗarsa.

Kewar gida ta kama ni ta inda ban zata ba. Ba tuwon Inna ba, ba duwatsun Birni ba. Yammacin fada nake kewa, lokacin da nake sunkuyar da kai in taɓa tsirkiya kowa ya yi shiru. A Sheshe ba wanda ya taɓa yin shiru don ni. Ni ne dai ɗan Faransan nan mai guga, haka tsofaffin Kano ke kiran mutanen Nijar. Kowace Juma'a Inna sai ta kira wayata.

"Mutari, yaushe za mu ji ka a rediyo? Na gaya wa maƙwabta, su Hajara duka, har na sayi batir na ajiye."

"Bayan salla, Inna."

"To Allah ya kai mu. Laminu na cin abinci dai ko? Ka gaishe shi."

Ba ta cewa a ba shi wayar. Shi ma ba ya miƙo hannu. Wannan kaɗai ya rage min, kuma ina riƙe da shi kam-kam.

Gwaggo Asabe, Allah ya jiƙanta, ita ta so ta taimake ni. Tsohuwa ce mai kunne kamar na zomo. Tun tuni ta gano Laminu, ta kan aiko masa da ƙosai ta ce a ba mai sauron nan. Har ita! Amma ana saura kwanaki azumi, Malam ya tafi ta'aziyya ƙauye, sai ta aiko a kira ni. Na tarar ta jawo jar ta goge ta tas.

"Ɗan Faransa, na gaji da ganin ka kana yawo kamar wanda aka yi wa rasuwa. Shiga ƙuryar can, na rufe taga da bargo. Kaɗa min in ji. Ina budurwa sai da na tsallake katanga don kallon masu garaya."

Na zauna na rungume ta har idona ya ciko. Na danna. Wayyo! Kantar da na yi shekaru ina tarawa a kan yatsuna ta zube, ruwan guga da sabulu sun mayar min da hannu na amarya. Tsirkiyar ƙarfe ta shige ni kamar reza. Na daure na kai ƙarshen waƙa ɗaya, ina tuntuɓe a inda da nake wucewa ido rufe. Gwaggo ta ce madalla, ta ce da daɗi. Ta ba ni man kaɗe in shafa.

Bayan salla na goyi jar muka nufi titin Gidan Zoo, Laminu na biye da jakarsa. Ni na ce ya zo, don ya riƙe min takalmi da ruwa. Oga Tijjani ya sa ni a wani ɗan ɗaki mai soso a bango, ya kafa min makirfo a bakin jitar. Na yi bismilla na kaɗa. Ba zan ce na yi abin kunya ba. Wanda bai san ni da ba zai ce ba laifi. Shi ma abin da ya ce ke nan.

"Ba laifi." Yana duba wayarsa. "Za mu yi magana."

Na san wannan za mu yi maganar. Ina mayar da jar cikin jakarta sai ya hango wuyan ƙaramar ya leƙo daga jakar Laminu.

"Kai, mene ne wannan? Sandar rake?"

"Jita ce, Oga."

"Jita? Haɗa mu gani." Ya karɓa ya jujjuya yana dariya, sai ya ga wani ɗan rami a gindinta. "Af, ai tana shan waya." Mu duk zamanmu da ita mun ɗauka ramin rataya ne. Ya jawo waya ya cusa, ya miƙa wa Laminu. "Taɓa."

Laminu bai taɓa ba. Ya juyo ya dube ni.

"Sai in Yaya ya yarda."

Oga Tijjani ya dube ni, mai kula da na'ura ya dube ni. Da na ce a'a, wallahi Laminu zai kwance notin ya mayar jaka, mu koma Sheshe, ba zai taɓa tada maganar ba. Na san shi. Kuma a'ar tana bakina, na ji ɗanɗanonta. Amma wane babba ne zai faɗe ta a gaban baƙi?

"Kaɗa mana," na ce. "Wa ya hana ka?"

Ya sunkuyar da kai ya taɓa. Sautin ya fito daga manyan lasifikoki ya cika ɗakin, har shi kansa ya firgita ya ɗaga hannu, don bai taɓa jin kansa da ƙarfi ba. Sannan ya koma. Jama'a, ashe wannan ne kukan sauron. Wata da watanni ina kwana da abin nan taku ɗaya tsakaninmu ban sani ba. Kiɗan gida ne, namu na fada, amma ya bi da shi wasu lunguna, ya sassauta, ya ja, ya dawo da shi ta inda ba ka zata ba. Oga Tijjani ya kife wayarsa a kan tebur. Masu jira a waje suka taru a bakin ƙofa. Kowa ya yi shiru, irin shirun nan da na sani. Gashin jikina ya tashi, kuma na tsani tashin da ya yi.

Aka ce ya dawo gobe da safe a fara ɗauka.

Muka fito bakin titi. Yana ta satar kallona. Can ya ce, "Yaya, ai kai ka koya min." Na ce ya yi min shiru. Muna tsaye muna jiran a-daidaita-sahu wayata ta yi ƙara. Inna ce, ta san yau ce ranar, ta kasa jiran Juma'a. Albishir kuma a gidanmu babba ke yin sa.

"Mutari! Yaya? An ɗauka?"

"An ɗauka, Inna."

Ta fara guɗa. Na bari ta kai ƙarshe, na ji muryoyin mata suna taruwa a bayanta.

"Laminu aka ɗauka," na ce.

Na matse wayar a kunne ina jiran ta ce kai fa, ko ta ce an yi kuskure, ko ta ce in yi haƙuri. Sai na ji ta ja numfashi.

"Laminu nawa? Ikon Allah! Yana kusa? Ba ni shi, ba ni shi in ji muryarsa."

Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya matsa gefe yana cewa na'am Inna, na'am. Wani mai a-daidaita ya tsaya, ya kalli doguwar baƙar jakar da ke bayana, ya ce shi ba zai bi ta shinge da wannan ba, ya ja abinsa ya tafi.